Daɓe da Bulala

Shekarar da Gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi ina da goyon fari, ɗiya mace. Ruwa ya shigo mana da hantsi, kafin la'asar gidajen ƙasa sun fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Mun tsira da rai da tufafin da ke jikinmu. Da ruwan ya janye sai kowa ya koma yana tonon laka a kufan gidansa, da niyyar ya sake tada katanga inda ubansa ya tada. Kwamanda, Baturen da ke mulkin garin, ya ce bai yarda ba, gari ya tashi ya koma kan tudu.

Ba da baki aka tashe mu ba. Gardawan bariki, wato dogaran Kwamanda masu jajayen huluna, su suka zo da bulalar dorina. Wanda ya kafa bukka a kufai, a cinna mata wuta yana kallo. Akwai wani tsoho maƙwabcinmu da ya rungume turken dokinsa ya ce nan aka binne cibiyarsa, ba inda za shi. Suka yi ta tafkarsa har riga ta manne da bayansa, sannan suka ja shi ta ƙafa, kansa na bugun ƙasa. Bai ga sabon garin ba.

A tudu aka ja layi da igiya, aka nuna wa kowa filinsa. Maigidana ya samu ya tada ɗaki guda ya kewaye da zana, sai aka ɗebe shi aikin dole tare da sauran majiya ƙarfi. Marmara suke fasawa suna ɗauka a ka, don hanyar mota da gine-ginen bariki. Ya fita da sassafe ya dawo da almuru, wata rana da sawun bulala a kafaɗa. In gasa masa da ruwan zafi, in shafa man shanu.

Ni kuwa a fili nake girki, kan duwatsu uku, rana na gasa ni, awakin maƙwabta na sa baki a ƙwarya. A haka Goggo ta zo daga Tsibiri ta same ni. Yayar mahaifina ce, tana cikin danginmu da suka tsaya kan al'adar kakanni, ba ta taɓa sa goshi a ƙasa ba har ta bar duniya. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, kullum da taba a leɓe. Ta tsaya ta dubi tukunyata a rana ta tofar da yawu.

Ta ce, "Ɗiyata, macen da ba ta da madafi baƙuwa ce a gidan mijinta. Gobe mu fara."

Na ce, "Goggo, wa zai gina mana? Maza duk suna bariki."

Ta ce, "Hannuwan nan naki na mene ne?"

Da kanmu muka haƙo ƙasa, muka kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, muka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan muka mulmula tubali. Goggo ta ɗaura igiya a turke ta zagaya da tsinke ta fitar da da'ira mai faɗi, ta fi ta kowane madafi da na sani. Na ce ya yi yawa. Ta ce rabi na wuta ne, rabi na masu ci. Da katanga ta kai tsayi sai muka ja wata ƴar gajeriya a tsakiya, iya ƙugu, ta raba murhu da wurin zama, yadda mai tuƙa tuwo za ta ga mai ci, toka kuma ba za ta kai gare shi ba. A ɓangaren zama muka bi gindin bango da dakali mai faɗin tabarma. A ɓangaren wuta muka gina murhu biyu, babba da ƙarami, muka huda bango daga sama don hayaƙi, muka fafe alkuki uku, na gishiri da kanwa, na daddawa, da na fitila. Jinka kaɗai muka nemi maza, tsofaffin unguwa da aikin dole ya raina suka ɗora mana.

Saura tukwane da randa, don nawa duk ruwa ya tafi da su. Innata a Jiratawa take, ginin tukwane ne sana'arta, sai muka tafi can ni da Goggo. Inna ta zaɓa mini randa ja mai wuya, da tukunyar tuwo babba, da ƴan ƙananan na miya. A hanyar dawowa, ina ɗauke da randar a ka, muka haɗu da ayarin maza an ɗaure su da igiya wuya da wuya, kowa da buhun gero, gardi na bin su a kan doki. Goggo ta ratse cikin gona. Ni kaya ya yi mini nauyi, ban ratse da wuri ba. Gardin bai ce ki kauce ba. Bulala kawai na ji ta naɗe mini wuya, randar ta tashi ta tarwatse a hanya.

Goggo ta fito daga cikin karan gero ta tsaya gaban dokin, ta ɗaga kai ta ƙare masa kallo.

Ta ce, "Ɗan nan, ashe kai ne. Ni da uwarka turmi ɗaya muke daka a Tsibiri."

Dogo ne, baƙi, mai wushirya. Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya ce, "Tsohuwa, uwata tana bariki yanzu." Ya zaburi dokin, sai da ta faɗa gefe.

Muka tsince gutsattsarin randar muka zuba a zane. Goggo ta ce ba a barin jar ƙasa mai kyau a hanya. Da muka iso gida ta daka su suka zama gari, da shi muka yi jan launi na bango.

Adon bango shi ya fi cin lokaci, kuma shi na fi so. Muka yi yaɓe mai laushi, tun yana ɗanye Goggo ta haɗa yatsu uku ta ja layi mai lanƙwasa ya zagaye ɗakin, ta ce tafiyar maciji ke nan. A ƙarƙashinsa ni na bi da bakin fasasshen ludayi ina dangwalawa, ya fito kamar sawun zabo. Da ya sha iska muka shafe sama da farar ƙasa, ƙasa da jan garin randa, muka cika cikin layukan da baƙin gawayi da aka dama da ruwan bagaruwa. Akwai farantan tangaran guda biyar na aurena da na tono daga laka, biyu da ɗan tsagu. Muka kafa su cikin bango saman dakali, babban a tsakiya. Daga jinka muka sauko da ragaya uku aka ɗora ƙoren da na kankare na yi musu zane da wuƙa mai zafi. Muciya da maburgi da ludaya kowanne da maratayinsa, fayafayi masu launi a jere a kan gajeriyar katanga.

Daɓe ya zo ƙarshe. Tsakuwar marmara maigida ya riƙa ɓoyo mana a aljihu da cikin hula daga wurin aiki, kaɗan kaɗan, sauran muka tsinto a bakin hanya. Muka baje ta da jar ƙasa, muka yayyafa ruwa, matan unguwa suka zo kowace da madaɓinta, muka durƙusa a jere muna bugu muna waƙa har hannuwa suka yi kanta. Goggo ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a tsohuwar tukunya har ruwan ya yi baƙi ƙirin. A yayyafa, a buga, a bari ya sha, a sake. Da ya bushe sai ya fito baƙi mai sheƙi, santsi kamar bayan tasa. In ka zubar da ruwa ba ya nutsewa, sai dai ya gangara.

Ranar da na fara girki a ciki, maigida ya dawo ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallo. Ya tuɓe takalmi ya shiga ya zauna a dakali, na miƙa masa akushi ta kan gajeriyar katanga. Ya ci ya side hannu ya ce, "Yau na san na dawo gida." Mata suka riƙa zuwa kallo daga unguwanni, wasu su auna dakalin da taƙi, wasu su tambayi yadda aka yi launin.

Labari ya kai bariki. Wata rana da azahar sai ga gardin nan mai wushirya ya shigo ba sallama. Ya taka daɓen da takalminsa mai ƙusoshi, ya zauna a dakali ya ce a zubo tuwo. Na zubo. Ya ci, ya goge hannu a farar ƙasar bango. Da zai tafi ya zare wuƙa ya ƙwaƙule babban farantin tsakiya, yaɓe na zuba a kan tabarma, ya sa a hammata ya fita. Bayan kwana kaɗan ya dawo da abokinsa, suka ci, ya ƙwaƙule na biyu. Goggo ta kwaɓa ƙasa ta cike ramukan, ta zana rana a kowanne. Ta ce in yi shiru, kura in ta ƙoshi takan wuce. Bai wuce ba. Ya mai da gidan wurin cin abincinsa, ranar da miya ba nama ya watsa mini ita a zane.

Ana cikin haka ƙurkunu ya fito wa maigida a idon sawu. Ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi. Ya daure ya je aiki da sanda har ranar da ya kasa tashi. Na shimfiɗa masa tabarma a dakali saboda sanyin wurin, Goggo ta ɗaura masa ganye tana naɗe zaren ƙurkunun a tsinke a hankali. Ranar da abin ya faru hantsi ne. Na kwantar da yarinya a ɗaki, na ɗora babbar tukunya, talge na tafasa yana tsalle.

Su biyu suka shigo, mai wushirya da wani saurayin gardi mai bindiga a kafaɗa.

Mai wushirya ya ce, "Kai ka fi kwamanda, ko? Kowa na rana kai kana inuwa."

Maigida ya yunƙura ya zauna, ya nuna ƙafar, ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi abin da ya hana ni."

Gardin ya ce, "Bari in duba." Ya ɗaga takalmi ya taka kumburin da dukkan nauyinsa.

Ƙarar da maigida ya yi ban taɓa jin irinta daga bakin namiji ba. Ƙafar ta fashe, mugunya da jini suka fantsama har bango. Ya faɗo daga dakali, gardin ya bi shi da bulala, ta ko'ina, fuska, wuya, ciki. Maigida ya dunƙule yana kare kansa da hannuwa, bulala na yage fatar hannuwan. Ragaya ɗaya ta tsinke, ƙore suka zubo suka farfashe. Ni ina bayan gajeriyar katanga da muciya a hannu.

Goggo ce ta shiga tsakani. Ta kama bakin bulalar ta naɗe a hannunta, ta riƙe gam.

Ta ce, "Ya isa, ɗan nan. Mutum ne, ba jaki ba. Ko jaki ne ya isa."

Ya ja, ta ƙi saki. Ya sake ja, ta biyo bulalar amma ba ta saki ba. Sai ya miƙa ɗaya hannun ya fizge bindigar saurayin, ya juya ta, ya sauke mata gindinta a gefen kai. Ta tafi da baya, ƙeyarta ta haɗu da bakin dakali. Na ji ƙarar, kamar an fasa duma. Ƙafarta ɗaya ta ɗan shure tabarma, shi ke nan. Jini ya fito daga ƙarƙashin ɗankwalinta, daɓen bai sha shi ba, ya kama gudu a kai yana sheƙi, ya zagayo ƙarshen gajeriyar katanga har ya taɓa yatsun ƙafata.

Ban nemi tsumma ba. Da hannu biyu na rungumo tukunyar daga wuta. Mai wushirya ya sunkuya yana warware bulalarsa daga hannun Goggo, na kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa, wanda na ji a bakin Goggo. Ya ɗago, na juye masa talgen duka a fuska, na bi da tukunyar ta fashe a kansa.

Talge ba ruwa ba ne, in ya kama ba ya sauka. Ya faɗi yana birgima yana yakushin fuskarsa, fata na biyo yatsunsa. Ya buga kai da murhu, ya tashi ya buga bango, ya sake faɗuwa cikin jinin Goggo. Saurayin ya ɗauki bindigarsa, ya rufe ni da duka da ita. Na tare da hannun hagu, ƙashin ya karye, na ji ya karye. Na biyu ya same ni a baki. Daga nan ban san abin da ya faru ba sai da na farka a tsakar gida, an ɗaure ni da igiyar ragayata, tafukan hannuna sun tashi fari fat, mutanen unguwa sun yi cirko-cirko a bayan zana.

Aka ja mu zuwa bariki, ni da ƙafa, maigida a kan jaki kamar buhu. Kwamanda na zaune a inuwar baranda yana shan taba. Tafinta ya yi masa bayani da Faransanci, ya tambaye ni ko ni na yi. Na ce ni na yi. Na ce a tambaye shi tsohuwar da ke kwance a madafina fa. Tafinta ya dube ni, bai juya maganar ba. Aka ɗaure ni a turke gaban jama'a, aka tuɓe mini zane zuwa ƙugu, gardawa biyu suna karɓa-karɓa. Na ƙirga na farko-farko, daga baya ƙirga ya ɓace mini. In na suma a watsa mini ruwa a ci gaba.

Washegari suka mai da ni unguwa da igiya a wuya don in gani da idona. Dangi sun riga sun ɗauke gawar Goggo zuwa Tsibiri, ban ga fuskarta ba, ban san inda aka sa ta ba sai daga baya. Gardawa suka farfasa sauran farantan da gindin bindiga, suka tattake fayafayi, suka cinna wa jinka wuta. Da ta cinye suka sa fursunoni suka ture bangon da itace. Suka ce a haƙe daɓen ma. Diga na sauka tana tsalle, sai ɗan ɓalli ke fita. Suka gaji suka bari. Wata maƙwabciya, wadda muka yi daɓen tare, ta matso kamar za ta wuce ta ce mini a hankali, "Yarinya na wurina, gobe zan kai ta Jiratawa." Gardi ya kai mata bulala, ta karɓa a baya ta wuce.

Na yi damina guda da rani a gidan kaso, ina daka wa fursunoni hatsi da hannu ɗaya. Hannun hagun wata tsohuwar fursuna ta ɗaure mini shi da kara, ya haɗe a karkace. Tafukan suka warke suka ƙanƙance, yatsu biyu ba sa miƙewa. Maigida kuwa aka tura shi arewa, wurin aikin hanya cikin rairayi, da ƙafar a haka. Ba wanda ya gaya mini yana raye ko ya mutu.

Da aka sake ni ban tsaya Maraɗi ba, na wuce Jiratawa wurin Inna. Ɗiyata ta yi wayo tana gudu, ta gan ni ta ɓuya bayan kakarta. Sai da na yi wata guda kafin ta yarda ta ci daga hannuna. Na zauna ina taya Inna kwaɓa yumɓu da ƙafa, tunda hannu ba ya ginin tukunya.

Bayan an ce an soke aikin dole, mutane suka fara dawowa ɗaya ɗaya. Wata rana da yamma ina tankaɗe sai ga mutum a ƙofar gida, ramamme, yana jan ƙafa, gemu ya yi fari. Sai da ya yi sallama na gane muryar. Muka zauna muka dubi juna. Ya kama hannuna ya juya tafin ya duba, ya ajiye. Ya ce, "Goggo fa, an yi mata abin da ya kamata?" Na ce danginta sun yi mata irin nasu. Ya ce to madalla.

Dangin Inna suka ba mu fili a bakin fadama, ya fara noman albasa da taba. Da muka tada ɗaki na ce zan yi madafi. Na yi shi kamar na farko, da gajeriyar katanga da dakali da alkuki, matan Jiratawa suka taya ni daɓe, Inna ta ba ni ƴan kasake masu zane na kafa a bango madadin faranti. Ranar da aka gama na zuba tuwo na kira shi. Ya zo ƙofa ya tsaya. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai gumi ya keto masa, ya koma da baya ya zauna a rana ya ce in kawo masa nan. Haka ya yi ta yi. Ko ruwan sama ake, gara ya ci a tsaye a ƙarƙashin zana.

Na daɗe ban gane ba. Wata rana ina kallonsa a zauren wani maƙwabci, na ga ya zaɓi wurin da yake ganin ƙofar waje da ta cikin gida duka biyu. Sai na gane ɗaki mai ƙofa ɗaya ne ba ya iya zama a ciki tun ranar da aka ritsa shi. Da na koma gida na ɗauki gatari na fasa bangon madafin ta baya, daidai ƙarshen dakali, na fitar da ƙofa ta biyu mai kallon gona. Na gyara bakinta da yaɓe, na zagaye ta da jan launi. Kwana biyu yana wucewa yana dubanta. A na uku ya shiga ta ƙofar baya, ya zauna a bakin dakali, rabin jikinsa a waje, ya ci. Sannu a hankali ya riƙa matsowa ciki.

Mai wushirya na gan shi sau ɗaya bayan haka, ranar kasuwar Tsibiri. Yana zaune a gindin bango, fuskar ta haɗe wuri ɗaya, ba ido, wata tsohuwa na ba shi fura a baki da ludayi. Na gane uwarsa ce. Ita ma ta gane ni, ta dubi hannuna, na dubi ɗanta. Na sayi kanwar da ta kai ni na kama hanya.

Matan Jiratawa da suka ga madafi mai ƙofa biyu suka ce dabara ce ta korar hayaƙi, kuma gaskiya hayaƙin ba ya tsayawa. Da yawa suka fasa nasu bangon. In za a kai amarya akan aiko a kira ni in nuna inda za a fitar da ƙofar, in zauna a kan turmi ina faɗin yawan makubar da za a zuba, ƴan mata na bugu. Maigida ya rayu har ya ga jikoki, a dakalin nan suke kewaye shi da akushi ɗaya, shi a bakin ƙofar baya, yana tsakuro musu nama daga cikin miya.